Kwana Uku Ina Yawo da Mataccen Inji

Litinin: daga gida zuwa Kura

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin, ana idar da sallah, na kinkimo injin ban-ruwana daga zaure na ɗaure shi a bayan babur ɗin Haladu. Haladu ɗan kawuna ne, taubashina, don haka duk abin da ya zo bakinsa gaya mini yake, kuma ba ni da damar marinsa. Ba ya rabuwa da 'yar rediyo a aljihu, ya fi sanin abin da ake ciki a ƙasashen duniya a kan abin da ake ciki a gidansa. Ya haska injin da tocila ya ce, "Ado, asibiti za mu kai shi ko maƙabarta?" Na ce ya tayar da babur ya ƙyale ni da abin da ke damuna.

Abin da ke damuna kuwa ba na wasa ba ne. Gonar tumatirina tana can ƙarshen kanal a kan ɗan tudu, ruwan dam ɗin Tiga ba ya hawa da kansa sai an ja shi da inji. Ranar Asabar injin ya haɗiyi tsakuwa, ya yi wata muguwar ƙara, farfelar da ke cikinsa, wadda ke juyawa tana tura ruwa, ta tarwatse. Ko rabin gona bai sha ba. Ga tumatir yana tsakiyar fure, ga zafin bazara ya kankama. Duk wanda ya taɓa noman rani ya sani, idan Alhamis ta wuce bai sha ruwa ba furen zai zube, wahalar wata uku ta tashi a banza, abincin gidana na bana ya bi ta. Na nemi hayar inji wurin mutum uku, kowa nasa na kan aiki. Wanda ke kusa da ni guda ɗaya ne, na Iliya maƙwabcin gonata, shi kuwa shekararmu biyu ba ma ga-maciji.

Bari in faɗa muku yadda aka yi, don kada ku ɗauka ni ne mai baƙin hali. Ni da Iliya rana ɗaya muka sayi injinanmu, a shago ɗaya, iri ɗaya sak, lokacin muna ɗasawa. Wata rana ya ja mesarsa ta cikin gonata, ta kwantar mini da kunya biyu ta dashe. Na ce daga yau mesarsa ba ta ƙara taka mini ƙasa. Shi kuma ya ce barona ba ya ƙara bi ta gefen gonarsa zuwa titi. Na daina sayar masa da irin albasa, ya daina ba ni aron injin feshi. Ya sayi ƙarin mesa yana zagaye, ni kuma ina ɗaukar kwando a ka ina zagaye, kowa yana ganin ya gasa wa ɗan'uwansa aya a hannu. Abu ɗaya ne ya gagare mu rabawa, wato motar kudu da ke zuwa ɗaukar tumatir, don direbanta ba ya shiga lungunmu sai da cikakken lodi. Ranar lodi kowa zai jera kwandunansa yana kallon wani gefe.

Ana haka sai wani ɗan tsokana ya ce mini a bakin kanal wai injinanmu kamar Hassan da Hussaini. Raina ya ɓaci. Na sa guduma na ɓamɓare ɗan farantin ƙarfen da ke jikin nawa, mai lambobi da rubutun Caina, na wurga shi cikin ruwa. Na shafe injin da koren fenti, na sa aka rubuta masa DOGARO DA KAI da manyan baƙaƙe. A ranar har tafa mini aka yi.

Za mu tashi sai ga Uwani matata a ƙofar zaure. Ta ce, "Malam, da dai ka daure ka yi wa Malam Iliya sallama kawai." Na ce, "Uwani, ni da ƙasata da ruwana da hannuna, ba na buƙatar kowa a duniyar nan. Ki ɗora abincin rana da ni."

Daga ƙauyenmu zuwa Bunkure kilomita bakwai ne. Mun isa shida da minti goma, muka sha koko da ƙosai muna jiran Garba bakanike, wanda bai buɗe rumfarsa ba sai bakwai da rabi. Ya kwance injin, ya zazzage guntayen farfelar a tafin hannunsa, ya yi tsaki. Sannan ya fara jujjuya injin yana leƙa ko'ina.

"Malam Ado, ina lambarsa?"

"Wace lamba?"

"Ɗan farantin da ke nan. Farfelar nan kala-kala ce, a ido duk ɗaya suke, amma tsakanin wannan da waccan bai fi kaurin farce ba. In ba lamba sai dai a yi ta caca."

Haladu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ce wa Garba lambar ta faɗi. Ya ce to sai dai Kura.

Muka bar babur a wurinsa saboda takardun Haladu sun mutu tun bara, muka hau adaidaita. Direban ya ce inji sai an biya masa kujera, ɗari bakwai kamar kowa. Na ce gawa ce fa. Ya ce ko gawa ce ai wuri ta ci. Haka muka yi tafiyar kusan kilomita ashirin, Dogaro da Kai yana zaune a tsakiyarmu kamar ango, yana ɗiga mini baƙin mai a wando.

A Kura shago huɗu muka shiga, tambaya ɗaya aka yi mini sau huɗu. Na ƙarshen ya ce in jira, kayansa na hanya daga Kano, wataƙila a dace. Muka zauna a bencinsa tun sha ɗaya har la'asar. Da kayan suka zo aka gwada farfela uku: ɗaya ta ƙi shiga, ɗaya ta shiga tana rawa, ta ukun kuwa ta injin niƙa ce ma. Mai shagon ya ce kaya sun yi wuya yanzu, waɗanda ke kawo musu daga waje ma kuka suke. Abincin ranar da na ce a ɗora da ni sai na tuna shi da yunwa.

Mun kwana a gidan yayata Talatu. Mijinta, Alhaji Musa, yana da injin casar shinkafa, kuma ya saba cika baki cewa shinkafar Kura ta kori ta waje. Na tarar da shi a ƙofar injin ya yi tagumi, buhunan shanshera jibge har rufi. Kwanansa tara bai casa ko tiya ɗaya ba, wai wata robar da ke murje ɓawon shinkafa ce ta cinye, daga Indiya ake kawo ta, ba ta zo ba. Bayan magariba Yaya Talatu ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, muna ci na ce ni dai ban da wannan tsautsayi na farfela, ba abin da ya haɗa ni da mutanen waje.

Haladu ya ajiye lomarsa. "Irin tumatirinka a ina kake samu?"

"A gwangwani."

"Rubutun jikin gwangwanin, Hausa ne?"

Ya fara lanƙwasa yatsu. Takin zamani, wai ana haɗa shi a nan amma wasu sinadaran daga can wajen Rasha da Maroko suke. Maganin feshi na Caina ko Indiya. Mesa, takalmin roba, tocila. Ya miƙa hannu ya cire mini hula ya leƙa cikinta ya ce ita ma inji ne ya saƙa ta a Caina. Har fentin da aka rubuta Dogaro da Kai bai bari ba.

Na ce, "Takin akuya fa?"

Ya ce, "Wannan naka ne, ba mai ja da kai. Da shi da kai da rana, ku uku ne 'yan gida."

Alhaji Musa ya yi dariya har ya ƙware, dariyarsa ta farko a kwana tara in ji Yaya Talatu. Ni ban ga abin dariya ba.

Talata: Kura zuwa Kano

Shida da rabi muka hau wata tsohuwar bas a tashar Kura, mutum dubu ɗaya da ɗari biyu. Wannan karon inji a but ya zauna tare da buhunan albasa. Tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ce, da a ce lafiya lau minti arba'in ta ishe mu. Mun wuce Karfi kenan, kafin gadar Tamburawa, muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani dogo ya sa aka buɗe but, ya tsaya a kan injin ya daɗe.

"Na waye wannan?"

Na sauko da sauri na ce, "Nawa ne, yallaɓai."

"Ina rasit?"

Rasit ɗin shekara huɗu, wa ya san inda yake? Ya shafa inda farantin yake a da, ga ramukan ƙusa huɗu suna kallonsa. Ya ce, "Baba, an cire lamba, an sake fenti, ba rasit. Kai da kanka in ka ga haka me za ka ce?" Wallahi sai da gumi ya karyo mini. Ni Ado, da furfurata, a tsaye a bakin titi ana yi mini kallon ɓarawon injina! Fasinjoji duk sun leƙo ta taga, wata tsohuwa har tana salati.

Haladu ne ya cece ni, amma da ya bar ni an tafi da ni da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ba da labarin tun daga mesa har zuwa guduma, yana kwaikwayon yadda na wurga farantin. Jami'in ya kira abokan aikinsa su ma su ji. Da aka gama ya share hawaye ya ce, "Ɓarawo ba zai yi wannan wautar ba. Ku tafi." Har muka shiga Unguwa Uku ba wanda ya kira ni da sunana a motar nan, sai Alhaji Dogaro.

Daga nan muka ɗauki adaidaita zuwa Sabon Gari, layin masu kayan injina. Ƙarfe goma da rabi aka nuna mana shagon wani Emeka, aka ce in ba a samu a wurinsa ba to a haƙura. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwan leda mai sanyi, ya dubi guntayen, sannan ya ɗago kai. Kafin ya buɗe baki na ce, "Babu. Tana cikin kanal."

Ya ce, "To bari mu tambayi masu abin." Ya danna waya, sai ga fuskar ƙaninsa da ke zaune a Caina yana yi masa sayayya. Yaron kirki, da ya gan ni sai ya ce, "Sannu Baba, ya gona?" Na rasa inda zan kalla, na gyara hula. Na lura abinci yake ci kuma an kunna fitilu a bayansa. Na tambaya ko azumi yake. Emeka ya ce a'a, a can magariba ta kusa, sun riga mu ganin rana da awa bakwai.

Haladu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe na yi kuskure jiya. Ita ma ranar sai sun gama da ita suke turo mana. Saura kai da akuya."

Aka juya injin gaban waya ta kowace kusurwa. Ƙanin ya ce masana'antu da yawa ne ke yin mai wannan siffa, ba zai iya cewa ga ta ba sai da lamba. Emeka ya tambaye ni, "Baba, duk garinku ba mai irinsa?"

Haladu ya ce, "Akwai. Hassan ne wannan, Hussaini na gida."

Na ce, "Babu!" Na sunkuci injina na fita.

Yinin ranar nan kada Allah ya maimaita mini shi. Na bi layin shago-shago da inji a kafaɗa, rana na dukan ƙeyata, Haladu na biye da ni yana cin gurasa. Wani ya ce in sayi sabon inji kawai, da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama. Wani ya ba ni farfelar da ya rantse ita ce, muka gwada, ta fi ramin girma. Wajen ƙarfe biyu muka ci garau-garau a wata rumfa, ni dai turawa kawai nake. Da la'asar ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba, muka nufi 'Yankaba wurin wani ɗan ƙauyenmu mai dillancin kayan gwari, ya ba mu tabarma a ɗakinsa.

Ana kiran magariba Uwani ta bugo. Ta ce ta leƙa gona, ganye ya fara lanƙwasa, ƙasa ta tsattsage, ta ga fure a ƙasa amma ba yawa. Na zauna a bakin ƙofa ina tuna yadda na yi dashen nan da hannuna, tushe bayan tushe, bayana kamar zai karye. Tsoro ya kama ni sosai, ba na ɓoyewa. Ko Haladu da ya ga fuskata sai ya kashe rediyonsa.

Laraba: Kano zuwa gida

Da asuba na yanke shawara. Na buga wa Uwani na ce ta aika a samo mini lambar wayar Iliya, don na goge ta daga wayata tun ranar faɗa. Sai kawai ta karanto mini ita da ka.

Na ce, "Ke a ina kika san ta?"

Ta ce, "Haba Malam. Injin feshin da nake karɓo maka in ce na yayana ne, na wa kake tsammani? Yayana tela ne fa."

"Irin albasar da kika ce ɓeraye sun cinye fa?"

"Suna gonar Malam Iliya, sun yi kyau."

Tabɗi! Ashe shekara biyu ina tsaron iyaka, ita da matar Iliya suna fasa-ƙwauri ta kan katanga. Na so in yi faɗa, amma ba lokaci. Ƙarfe bakwai daidai na danna lambar.

"Salamu alaikum, Malam Iliya. Ado ne."

"Wa alaikumus salam. Wane Adon?"

"Maƙwabcinka."

"Af! Wanda ya dogara da kansa? To, ina kwana? Ya iyali? Ya gajiya? Ya birni?"

Sai da ya sa na amsa gaisuwar nan kaf, ni ma na mayar masa, har da tambayar lafiyar awakinsa. Da na faɗi abin da nake so ya ce in jira ya nemo tabarau. Ina ji katina na ƙonewa, shi kuma yana tambayar matarsa ko ta ga inda ya ajiye. Daga ƙarshe ya karanto, baƙi biyu da lamba biyar, a hankali kamar mai karanta wasiyya, Haladu na rubutawa a bayan kwalin ashana. Ya ce, "Sai me kuma?" Maganar ruwa ta zo mini har maƙogwaro. Na ce, "Shi ke nan." Ya ce to a gai da Caina.

Ƙarfe tara muna shagon Emeka. Ya tura wa ƙaninsa lambar, muka jira rabin awa. Da amsa ta zo sai na ga Emeka yana sosa kai.

Ya ce, "Baba, an gane ta. Amma akwai magana. Masana'antar da ke yin ta, manyan masu sayen kayanta a Amurka suke. To ƙasashen biyu, Caina da Amurka, sun yi faɗa, wannan ya ɗora wa kayan wancan haraji, wancan ya rama. Ciniki ya ja baya, masana'antar ta sallami ma'aikata, ta daina yin ƙananan kaya irin wannan sai an tara oda mai yawa."

Na ce, "To ni me na yi wa Amurka? Ko hanyar garin ban sani ba!"

"Su ma can kuka suke. Kaya sun yi musu tsada, manomansu kuma sun rasa mai sayen waken soya."

Haladu ya ce, "Wato wannan ya hana mesa, wancan ya hana baro." Na ce ya rufe mini baki.

Emeka ya ce amma akwai kwali ɗaya na ragowar irin farfelata a cikin kayansa da aka riga aka loda a jirgin ruwa. Na miƙe tsaye don murna. Ya ce in zauna. Jirgin yana teku, kuma saboda rikicin da ake a gajeriyar hanya ya bi ta doguwa, ya zagaya ta ƙasan Afirka. In ya iso Legas ma akwai layi. Ya ce su ma can suna jiran jirgin ya juya musu da riɗi da zoɓon da za a loda daga nan, kowa a matse yake.

"Yaushe zai iso?"

"Wata ɗaya. Wataƙila biyu."

"Tumatirina gobe yake jira."

Mutumin kirki, ya ce kada in karaya tukuna, in je Ƙofar Ruwa in nemi Malam Tanko mai zubi. Mun same shi sha ɗaya da rabi, tsoho baƙi wuluk da hayaƙi, yana narka tsofaffin tukwane da ƙarafan mota yana zuba su a yashi suna fitowa sabbin kaya. Na ce a raina, ga ɗan gida, yau na rabu da Caina. Ya jera guntayen farfelata a ƙasa yana haɗawa, sai ga giɓi, gutsure ɗaya ya bi ruwa tun ranar Asabar.

Ya ce, "Da wannan ba zan iya ba. Kawo mini lafiyayya irinta in danna a yashi, washegari ka karɓi 'yar'uwarta. Ba za ta kai ta kamfani ƙarko ba, amma za ta fitar da kai rani. Ba ka san mai irin injinka ba?"

Wannan karon Haladu bai ce uffan ba. Gara ma da ya yi magana.

Lamba na roƙa da safe har ina jin kamar an cire mini haƙori. Yanzu in ce wa Iliya ya kwance injinsa a tsakiyar ban-ruwa, ya ba ni zuciyarsa in kawo Kano? Ko ni ne shi ba zan bayar ba. Na ce wa Haladu mu tafi gida, in ga gonata ko da sau ɗaya kafin ta mutu.

Mun bar Unguwa Uku ƙarfe biyu. A shingen Tamburawa dogon jami'in nan ya hango ni ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji Dogaro, an dace?" Uku da kwata muna Kura, huɗu da minti goma muna Bunkure, muka karɓi babur wurin Garba. Na ce wa Haladu kada ya bi ta gida, ya wuce gona kai tsaye. Duk hanya ina shirya abin da zan gaya wa Uwani da yara.

Biyar saura muka sauka daga kan titin kanal. Tun daga nesa na ji ƙarar inji, na ce na wani ne. Da muka matso sai na ga ƙasar gonata baƙa, jiƙe sharkaf, ruwa na bin kunya yana sheƙi, ganyen da aka ce ya lanƙwasa ya fara miƙewa. Wata doguwar mesa ta ratso iyakar da na hana, ta bi ta tsakiyar gonar kamar gidan ubanta. Iliya na tsaye a ciki da fartanya, wando naɗe har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya.

Na zauna a kan kunya. Idona ya cika, na ce wa Haladu hayaƙin babur ne.

Iliya bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Kada ka soma yi mini godiya, ba don kyan fuskarka na yi ba. Direban kudu ya bugo jiya yana tambayar yaushe za mu fara tsinka. In naka ya mutu mota ba ta cika, in ba ta cika ba ba ta shigowa, nawa a kwando zai ruɓe. Feturinka na ƙona, Uwani ce ta aiko. Kuma mesata ta kwantar maka da kunya ɗaya."

Na duba. Biyu ce, ba ɗaya ba. Na buɗe baki, Haladu ya taka mini ƙafa.

Muna nan sai injin Iliya ya yi wani ƙas-ƙas, irin wanda nawa ya yi kafin ya mutu. Ni da shi muka zabura a tare, har muka yi karo a kansa. Ya rage wuta, ƙarar ta lafa. Ya ce tun azahar yake haka, aikin gona biyu ya yi masa yawa. Muka tsuguna muna sauraro, kunnena kusa da nasa, shekara biyu rabon da in ji warin tabarsa. Nan na gaya masa labarin jirgi da na Malam Tanko. Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ce gobe Alhamis a ƙarasa ban-ruwa a hankali, jibi a kwance farfelar a kai Kano a zuba guda biyu, tawa da ta ajiya.

Na ce, "Kawo in kai, na san hanya."

Ya ce, "Kai? Mutumin da ya jefa lamba a kanal? Ƙafata ƙafarta."

Na ce ni ma ban yarda ya je shi kaɗai ba, kada ya sa a zuba tawa da tukunyar da ta fi ruɓewa. Haka muka tsayar, mu biyu za mu tafi, kuma ta gefen gonarsa muka bi da babur zuwa titi, bai hana ba.

Na shiga gida ana kiran magariba. Uwani ta ce abincin ranar Litinin dai ya huce, sai dai in yi haƙuri da na yau.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fita da mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Talatu da mijinta, Allah ya kawo masa robarsa. Na gode wa Emeka da ƙaninsa, da Malam Tanko, da ɗan garinmu na 'Yankaba. Haladu kuma Allah ya shirye shi. Iliya ya ce kada in gode masa, to ban gode ba. Tumatir ya kama 'ya'ya, farfelun Malam Tanko suna juyawa, ko da yake kullum muna kasa kunne. Ni da ban taɓa ganin teku da idona ba, yanzu duk bayan sallah sai na saka wani jirgin ruwa a addu'a, ban san sunansa ba, ban san inda ya kai ba, Allah dai ya kawo shi Legas lafiya. Jiya na ɗan ɗaga murya ban sani ba, sai na ji wani a gefena ya ce amin. Na waiga, Iliya ne.